Na koyar da karatun Turanci da labarin ambaliyar garinmu, wata ɗaliba ta fashe da kuka: in ci gaba ko in bari?

Malamar Turanci, yankin Hadejia:

Assalamu alaikum malamai 'yan'uwana. Shawara nake nema, kuma ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita, don sai kun ji yadda abin ya faro za ku gane inda na maƙale.

Ina koyar da Turanci a aji biyu na ƙaramar sakandare a wani gari da ke gefen kogin Hadejia. Ɗalibai 74 ne a ajina, maza da mata, littattafan karatu kuwa 19 muke da su, kusan mutum huɗu kan littafi ɗaya. Wannan mun saba da shi. Abin da ke hana ni barci shi ne yarana suna furta kalmomi amma ba sa gane abin da suka furta. Yaro zai miƙe ya karanta sakin layi daga farko har ƙarshe, bai yi tuntuɓe ba sai sau biyu ko uku, da na ce masa "to, me aka ce a nan?" sai ya sunkuyar da kai. In aka zo tambayoyin auna fahimta dabararsu ɗaya ce: su lalubo jimlar da ke ɗauke da kalma irin ta cikin tambayar, su kwafe ta gaba ɗaya. Wata rana a dace, wata rana a faɗi.

Mako uku da suka wuce muka iso darasin da ke magana kan dutse mai aman wuta. Na zana a allo, na kwatanta musu da talge in ya tafasa yana tsartuwa, na yi duk abin da na iya. Suka saurare ni cikin ladabi, idanunsu a kaina, amma na san ba abin da ya shiga. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, fadama da rairayi, da yawansu ko dutse na kirki ba su taɓa gani ba, balle mai amai.

A daren nan na zauna na rubuta nawa labarin da Turanci mai sauƙi, jimla 12, a kan ambaliyar 2022. Lokacin yaran nan suna aji biyar na firamare, ba wanda ya manta. Na rubuta yadda kogi ya cika ya tumbatsa, yadda ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, yadda samari suka kwana suna cika buhuna da ƙasa don tare gari, yadda shinkafa ta nutse saura ƙiris a yanke ta, yadda kwalekwale ya maye gurbin mota a wasu hanyoyi, da yadda aka mayar da azuzuwa wurin kwanan waɗanda gidajensu suka rushe. Na kwafe shi a kan kwali biyu na manna a allo.

Wallahi malamai, ban taɓa ganin ajina haka ba. Da muka zo kan kalmar "embankment" ban buɗe baki ba wani yaro da ke zama can baya, wanda tun farkon zango ban ji muryarsa ba, ya ce "Malama, jinga ce!" Daga buhuna da ƙasa da ke cikin jimlar ya gano. Haka suka ciro ma'anar "submerged" da kansu. Har wata ta ɗaga hannu ta ce na yi kuskure, na rubuta ruwa ya shigo da safe, alhali su a ƙauyensu cikin dare ya shigo. Na ji daɗin wannan gyaran ƙwarai, domin ba a gardama da rubutun da ba a fahimta ba.

Sai muka iso jimla ta tara, wadda ke cewa gidajen ƙasa da yawa sun rushe. Wata yarinya a layi na uku ta kifa kai a kan tebur. Na ɗauka ciwon kai ne, da na matsa na ji tana sheshsheƙa. Ƙawarta ce ta raɗa mini cewa a wannan shekarar katanga ta faɗa wa ƙanenta, bai tashi ba. Ban sani ba, bana aka kawo ta makarantarmu daga wani ƙauye. Kwana biyu ba ta zo ba. Na je har gidansu na ba mahaifiyarta haƙuri, ta ce ba komai Malama, Allah ne Ya ƙaddara, amma ni dai har yau abin yana cina.

To ga inda nake. Na ga hanyar da ta buɗe kan yarana, kuma na ga ta fama wa wata ciwo. In ci gaba da ita ko in koma littafi? In kuma zan ci gaba, yaya zan hana darasin komawa hira? Domin in faɗa muku gaskiya, cikin minti 40 na ranar, rabi ya tafi ne wajen ba da labari da Hausa, kowa yana son ya faɗi inda ruwa ya kai a gidansu. Sannan masu shirya jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ba Hadejia za su kawo musu ba. Ina tsoron kada su iya karanta labarin garinsu kaɗai, a kawo wani su koma gidan jiya.

Malamin sakandare, Maiduguri:

Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya jiƙan yaron, Ya ba iyayensa da 'yar'uwarsa haƙuri. Ki daina ɗora wa kanki laifi fiye da kima, ba ki sani ba, kuma zuwan da kika yi gidansu ba kowa zai yi ba.

Ni na sha irin wannan. Kin san abin da ya same mu ranar 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya biyo kogin Ngadda ya shigo gari cikin dare. Gwange, Fori, kasuwar Monday, wajen fadar Shehu, asibitin koyarwa, har gidan zu, duk ruwa ya shiga. Littattafan da na tara cikin shekara 14 a wannan daren suka zama laka. Da aka koma makaranta, hadari in ya haɗo sai ka ga yara sun daina rubutu suna kallon taga. Akwai wanda in ruwa ya fara bugun kwano sai ya tattara jakarsa ya rungume.

Ni ma na yi tunani irin naki, cewa ga abin da suka sani, bari in yi amfani da shi. Amma na ji tsoro, sai na faro daga nesa, kuma ina ganin Allah ne Ya taimake ni. Labarin farko da na rubuta musu na igiyar ruwan tsunami ne da ta afka wa ƙasashen gaɓar tekun Indiya ranar 26 ga Disamba 2004. Mutane wajen 230,000 suka rasu, amma ban sa wannan adadin a ciki ba ko kaɗan. Na ba su labarin yarinyar nan 'yar Ingila mai shekara 10 da ke hutu da iyayenta a bakin teku a Phuket ta ƙasar Tailan. Mako biyu kafin nan an koya musu alamomin tsunami a darasin labarin ƙasa. Da ta ga yadda teku ya canja yana kumfa, ta gane, ta matsa wa iyayenta, aka sanar da ma'aikatan otal aka kwashe mutane daga bakin ruwan kafin igiyar ta iso. Mutum kusan 100 aka ce sun tsira ta dalilinta.

Kin ga, ruwa ne, tsoro ne, gudu ne, duk abin da yarana suka sani a jikinsu. Kalmomin ma su ne: "warning", "escape", "higher ground", "rescue". Amma ba unguwarsu ba ce, ba wanda zai ga gidansu a cikin jimla. Kuma jarumar labarin sa'arsu ce, abin da ya cece ta kuwa darasi ne da ta saurara a aji. Wani yaro ya tambaye ni ko da gaske ne ko tatsuniya, da na ce da gaske ne sai ya sake karantawa shi kaɗai ba tare da na sa shi ba.

Sai da muka shiga zango na biyu kafin na kawo Alau, shi ma ban rubuta daren ba. Na rubuta yadda madatsar ruwa take aiki, abin da ke sa ta cika, da cewa a 1994 ma ruwanta ya taɓa cin Maiduguri. Kwana ɗaya kafin darasin na sanar da su abin da za mu karanta, na ce duk wanda ba ya so ya same ni a ofis in ba shi wani aikin, ba sai ya faɗi dalili ba. Uku suka zo. Kuma na yi wa kaina doka: ba na tambayar aji "wa ya rasa wani?" ko "me ya faru a gidanku?" Wanda ya ga dama ya faɗa, in saurara, amma ba ni zan tono ba.

Don haka ni ina ganin kada ki bari. Ki dai canja inda kike haska fitila. Labarinki yana da samarin da suka kwana suna jinga, ki tsaya a kansu, ki rage rushewar gidaje. Ita kuma yarinyar ki same ta ita kaɗai, ki gaya mata jerin abin da za a karanta har ƙarshen zango, ki bar mata zaɓi.

Tsohon malami mai ritaya, Zariya:

'Yata, sannu da ƙoƙari. Shekara 35 na yi ina riƙe da alli, mafi yawansu a ajin Turanci, kuma abin da kika bayyana na kwafe jimla tun zamaninmu ake fama da shi. Malam na Maiduguri ya gama magana kan abin da ya shafi zuciyar yara, ba ni da ƙari. Ni kan karatun zan tsaya, kuma zan faɗa miki abin da wataƙila ba za ki so ji ba.

Ajin ya motsa, na yarda. Amma ki tambayi kanki: nawa ne daga cikin amsoshinsu suka fito daga kwalin, nawa suka fito daga abin da suka riga suka sani? Yaron da ya ce jinga, wannan ya karanta, domin ya haɗa buhu da ƙasa ya fitar da ma'ana. Amma in kika tambaya me ya sami shinkafa, kowa zai ce ta nutse ko da bai kalli allo ba. Haɗarin labarin gida ke nan. Maganinsa shi ne ki riƙa cusa abin da ba su sani ba a ciki. Ki sa sunan wani gari da ba nasu ba, ki sa adadi, ki sa dalilin da ba su taɓa ji ba, sannan tambayoyinki su faɗa kan waɗannan. Kuma kowace amsa ki ce "nuna mini layin." Wanda bai iya ɗora yatsa a kan layin ba, bai amsa ba.

Batun hira da Hausa, ni ba na cikin masu cewa haramun ne a ji Hausa a ajin Turanci. An yi mana wannan da bulala da tara, bai sa mun fi fahimta ba. Ki ba ta minti biyar a farko, agogo a kan tebur. Ki rubuta kanun labarin kaɗai, su faɗi abin da suke zaton za su tarar a ciki, da kowane harshe, ke kuma kina rubuta kalmomin a allo da Turanci. Minti biyar na cika a rufe wannan ƙofar.

Sannan ki daina farawa da karatu a bayyane. Yaron da aka tsayar gaban mutum 73 hankalinsa yana kan harshensa, kada a yi masa dariya, ba ya kan ma'ana. Su fara karantawa a zuci, minti uku ko huɗu, da tambaya ɗaya tak a allo, mai faɗi, irin "wannan labarin a kan me yake?" Zagaye na biyu ki ce su farauto abubuwa: rana, wuri, adadi, cikin minti ɗaya, ba tare da sun bi kowace kalma ba. Sai a na uku a zauna a bi shi daki-daki. Karatu da murya ya zo a ƙarshe, bayan an san abin da ake faɗa.

Wani abin da na daɗe da lura da shi: manyan kalmomi ba su ne ke kayar da yaranmu ba. "Earthquake" sau ɗaya za ki faɗa su riƙe. Ƙananan ne masu wahala, waɗanda ke ɗaure jimla da jimla: "because", "as a result", "although", "despite", "until". Labarin bala'i kuwa cike yake da su, domin duk zancen sanadi ne da sakamako, wannan ya jawo wancan. Shi ya sa nake ganin kin zaɓi fage mai kyau. Haka kuma "it" da "they" da "this": ki ja layi a ƙarƙashinsu ki ce wa ake nufi? Za ki sha mamakin yawan waɗanda za su ɓata a nan. Ga kuma kalmomin da suka sani da wata fuska. Yaro ya san "bank" wurin ajiye kuɗi ne, sai ya ga kogi ya ƙetare "banks" ɗinsa. Ya san "claim" da'awa ce, sai jarida ta ce ambaliya ta "claimed" rayuka. Waɗannan su suka cancanci lokacinki, kuma irinsu ake tambaya a WAEC da NECO in an ce a kawo kalmar da za ta maye gurbin wata yadda aka yi amfani da ita a cikin labarin.

Tunda littafi bai isa ba, ki rubuta labarin a takarda, ki yanka shi jimla-jimla, ki ba kowane rukuni na mutum shida su jera shi yadda ya kamata. Ba za su iya ba sai sun lura da "first" da "later" da "by morning". Ba ya cin kuɗi, almakashi kawai.

Game da tsoronki na jarrabawa, ga gwajin da nake yi. Bayan an yi na gida, sai in kawo labarin tafkin Nyos na arewa maso yammacin Kamaru. Daren 21 ga Agusta 1986 iskar kabon dayoksaid da ta daɗe tana taruwa a ƙarƙashin tafkin ta taso gaba ɗaya. Da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta gangara cikin kwaruruka ta bi ƙauyuka, ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobi wajen 3,500, har da shanun Fulani makiyaya. Ba ruwa, ba wuta, gidaje na tsaye. Daga 2001 aka fara kafa bututu a tafkin don iskar ta riƙa fita a hankali. Wannan ba yaron da zai amsa shi da ka. Wanda ya iya gaya miki dalilin da ya sa waɗanda ke kan tudu suka fi tsira, kuma ya nuna layin, to ya iya karatu, ko me aka kawo masa. In kina ganin adadin zai yi wa ajinki nauyi, ki cire shi, sanadin shi ne abin nema.

Malamar labarin ƙasa, Minna:

Malama, ƙari kaɗan a kan na Baba. Ki nemi mai koyar da kimiyya ko zamantakewa a makarantarku ku daidaita mako, shi ya yi bayanin abin da Hausa da zane, ke ki kawo rubutun. Ni da malamin Turancinmu haka muka yi bayan ambaliyar Mokwa ta ƙarshen Mayun 2025. Kuma kada ki tsaya kan labari kaɗai. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, tana fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar lura da ruwan koguna, NIHSA, kuma tana fitar da na ambaliya da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Ki kwafo layi biyar ko shida, su nemo jiharsu, su faɗi watannin da aka ambata. Ga manyan aji nakan ba su alƙaluman 2012, da mutum 363 suka rasu sama da miliyan 2 suka bar gidajensu, da na 2022, da aka rasa fiye da 600, su kwatanta. Karanta jadawali da sanarwa shi ma karatu ne, kuma shi za su fi buƙata in sun girma.

Malamin Ingilishi, Damagaram:

Gaisuwa gare ku malamai na Najeriya. Mu nan Nijar aikinmu ya ɗan bambanta, don yaro sai ya shiga kwaleji, wato ƙaramar sakandare, yake fara Ingilishi, bayan ya yi firamare da Faransanci. Wani lokaci hakan yana taimako, kalma kamar "victim" ko "disaster" suna gane ta daga Faransanci. Amma ciwon ɗaya ne, a furta ba a fahimta ba.

Ina so in tuna muku da wani bala'in da ba ya zuwa da ƙara, wato fari. Mu ma ruwa ya yi mana ɓarna a 2024, har tsohon masallacin Birni na nan Zinder, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumba. Wannan ɗanyen ciwo ne, ban taɓa shi a aji ba. Abin da na ɗauko shi ne yunwar da kakanni ke ba da labari. A wajenmu kowace tana da suna: Kakalaba ta wajen 1913 zuwa 1914, ga ta 1973 da ta ƙarar da dabbobi, ga El Buhari ta 1984, da aka sa mata wannan suna saboda ta zo daidai lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe iyakar Najeriya. Na aiki yara su tambayi tsofaffin gidansu: me aka ci, ina aka tafi, wa ya taimaka? Suka dawo da labarai da Hausa, na zaɓi huɗu na mayar da su Ingilishi mai sauƙi, kowane jimla takwas, ban sa sunan kowa ba.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne labaran ba su yi daidai da juna ba. Wata kaka ta ce shekarar ruwa bai sauka ba sam, wani tsoho ya ce ya sauka amma ya ɗauke da wuri hatsi bai nuna ba. Sai na ce su ware mini abin da duka huɗun suka yarda a kai, da abin da mutum ɗaya ne ya faɗa, da abin da ra'ayi ne kawai. Sun yi minti 30 suna komawa kan takardun suna gardama. Kuma da yake abin ya yi nisa, ba wanda ya yi kuka, sai ma alfahari da suke yi cewa kakarsu ce ta faɗi kaza. Malama, a Hadejia ma ba za a rasa tsofaffin da suka ga 1973 ba.

Malamar Turanci, yankin Hadejia:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na yi shiru kwana goma ne don ina so in gwada kafin in dawo.

Malam na Maiduguri, Allah Ya mayar maka da alherin abin da ka rasa. Na bi shawararka na sami yarinyar ita kaɗai lokacin tara. Na gaya mata abin da za mu karanta, na ce in ba ta so akwai wani aikin. Ta ce za ta zauna, amma kada in kira ta ta karanta a gaban aji. Na yi mata alkawari. Labarin yarinyar Phuket muka yi ranar Talata, ta zauna har ƙarshe, kuma ta rubuta amsoshinta. Kwalin ambaliyar na naɗe shi na ajiye, sai na sake rubuta shi yadda ka ce, wataƙila zango mai zuwa.

Baba, maganarka ta yi mini zafi da farko, domin ina ta murna da ranar nan. Amma da na gwada "nuna mini layin" sai na ga gaskiyarka. A labarin tsunami na yi tambaya biyar, na ce kowace amsa a rubuta lambar layin da ta fito. Cikin 71 da suka zo ranar, 26 ne suka sami huɗu ko biyar. Wajen 30 sun iya nemo rana da wuri da shekarun yarinyar, amma da na tambayi dalilin da ya sa ta gane alamar alhali manya ba su gane ba, sai suka koma kwafe jimla. Akwai jimlar da ta fara da "although", kusan rabin aji suka juya ma'anarta. Yanzu kowace safiya ina ɗaukar ƙaramar kalma ɗaya, mu yi jimla uku da ita kafin a buɗe komai. Yankan takarda kuwa sun so shi sosai, sai dai aji ya yi ƙara har malamin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo. Agogon ma yana kan tebur, ko da yake minti biyar ɗin yakan zama bakwai.

Wuri ɗaya ne ban bi ka ba, Baba, ka gafarce ni. Ban iya barin karatu da murya zuwa ƙarshe gaba ɗaya ba. Ni nake fara karanta musu sau ɗaya a hankali suna bi da ido, sannan su yi na zuci. Da na bar su su kaɗai tun farko, na ga wasu suna kallon takarda kawai leɓensu ba ya motsi, idonsu ba ya tafiya.

Wannan ne ma ya tona mini abin da ban sani ba. Karatun zuci ya nuna mini yara tara da ba sa iya haɗa baƙaƙe su fitar da kalma, ko da Hausa. A da suna ɓuya cikin amshi in aji na karantawa tare. Huɗu daga cikinsu sun gaya mini kusan zango guda ba su yi karatu ba a aji biyar, saboda mutane na kwana a makarantarsu, da aka koma kuma aka wuce da su gaba. Malam na Damagaram, na aike su wajen kakanninsu su ma, kuma labarin da ya fi kowanne daɗi ɗaya daga cikin taran nan ne ya kawo shi, da baki, a kan yadda kakansa ya kora shanu kudu a shekarar fari ya dawo da bakwai. Na mayar da shi Turanci, aji ya karanta, shi mai labarin bai iya karanta nasa ba.

Na samu shugaban makaranta ya ba ni minti 25 bayan an tashi, ranar Litinin da Laraba, in zauna da su tara ɗin. Ban taɓa koyar da haɗa baƙi ba, horon da na samu na sakandare ne. Malaman firamare da ke nan, da Hausa zan fara musu ko kai tsaye da Turanci? Kuma da waɗanne baƙaƙe ake farawa ga yaro ɗan shekara 13 da ke jin kunyar a gan shi da littafin 'yan aji ɗaya? Baba, in labarin Nyos ɗin yana nan a rubuce cikin takardunka, don Allah a sa wani ya ɗauko mini hotonsa, ina so in gwada sauran da shi kafin jarrabawar ƙarshen zango.